Agogon Kura Bai Motsa Ba, Amma Lokacin Taro Ya Gusa

Agogon Nijeriya ba ya canzawa tsakanin rani da damina. Tun 1919 ƙasar take gaban lokacin Girinwic da awa ɗaya, kuma babu dalilin taɓa shi, domin a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. A Turai da Amurka kuwa, inda rana ke daɗewa ba ta faɗi ba a bazara, ana tura agogo gaba da awa ɗaya a watan Maris, a dawo da shi a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Jamus ce ƙasar da ta fara yin haka, a 1916, don tsimin kwal lokacin yaƙi.

Sai a ga kamar wannan bai shafi mai noman rani a Kura, Bunkure ko Garun Malam ba, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanan Kadawa zuwa gonakin shinkafa, alkama da tumatir. Amma harkar ban ruwa ta daɗe da ƙetare iyaka. Aikin TRIMING na gyaran magudanai da bashin Bankin Duniya aka yi shi, kuma hedikwatar bankin tana Washinton. Sinadarin fosfet na takin zamani daga Maroko ake kawo shi tun bayan yarjejeniyar Nijeriya da Maroko ta Disambar 2016. Injiniya ko dillalin da ke ganawa da irin waɗannan mutane ta intanet, da manhajar kalanda yake dogara, irin su Outlook da Google Calendar. Canjin agogon ma yana faɗowa ne dab da shukar alkama, sannan da lokacin girbinta, sa'ad da kowa hannunsa ke cike.

Manhaja ba ta ajiye "ƙarfe goma" haka kawai. Ko dai ta mayar da shi lokacin duniya na bai-ɗaya, wato UTC, ko ta ajiye shi tare da sunan garin wanda ya kira taron. Idan mutumin Landan ya sa taro kowace Talata da ƙarfe goma, agogonsa ne turken da aka ɗaure taron. A watan Yuli, goma ta Landan goma ce a Kura. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba, taron zai bayyana da sha ɗaya a wayar mutumin Kura, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Wannan ba kuskure ba ne, haka tsarin yake.

Kuskure na gaske yana zuwa ne ranar da gwamnati ta sauya dokar kanta. Na'urori suna sanin ƙa'idar kowace ƙasa daga wani rumbun bayanai da Arthur David Olson ya fara a shekarun 1980, wanda yanzu yake ƙarƙashin hukumar IANA. A cikinsa sunan lokacin Nijeriya Africa/Lagos. Idan doka ta canza, sai an gyara rumbun, kamfanoni su tura gyaran, mai waya kuma ya sauke shi. Ko'ina aka makara, alƙawari ya goce.

Amurka ta nuna haka a 2007, lokacin da dokar makamashi ta 2005 ta dawo da fara canjin daga Lahadin farko ta Afrilu zuwa Lahadi ta biyu ta Maris. A ce an riga an sa taro ranar 20 ga Maris da ƙarfe tara na safe a Washinton. Da tsohuwar ƙa'ida an ajiye shi a matsayin ƙarfe biyu na rana a UTC, wato uku a Kano. Da sabuwa, tara ta Washinton ɗaya ce a UTC. Kwamfutar da aka sabunta sai ta nuna taron da ƙarfe goma, wadda ba a sabunta ba tana nan kan tara. Sai da Microsoft ya fitar da wata manhaja ta musamman don gyara alƙawuran da suka faɗa cikin makonnin da aka ƙara. Amurka ke nan, da ta ba da sanarwa fiye da shekara guda kafin lokaci.

Na Maroko ya fi kusa da gida. Ranar 26 ga Oktoban 2018, ana saura kwana biyu a mayar da agogo baya, gwamnati ta ce an fasa, ƙasar za ta zauna kan awa ɗaya gaban Girinwic. Daga nan agogon Rabat da na Kano suka zama ɗaya, sai a watan azumi, da Maroko ke komawa baya da awa ɗaya. Tunda Ramadan yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, babu Lahadi tsayayyiya da za a rubuta wa na'ura. Masu kula da rumbun hasashe suke yi, su gyara idan sanarwa ta saɓa. Masar, inda ɗalibai da marasa lafiya daga Kano ke yawan zuwa, ta soke canjin a 2011, ta dawo da shi a 2014, ta sake sokewa a 2015, ta fasa wani a Yulin 2016 ana saura 'yan kwanaki, sannan ta koma masa a 2023. Sanarwar kwana biyu ko uku rashin tausayi ce ga wanda ya yanki tikiti ko yake jiran ganin likita.

Akwai kuma matsalar da ake haifarwa a gida. Kwamfuta ko waya ta hannu da ta fito daga Turai takan zo da saitin Balin ko Faris. A hunturu lokacinsu daidai yake da na Kano, don haka ba a lura. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai agogon ya tsallake awa ɗaya, ya tafi da ƙararrawar tashi da tunatarwar ban ruwa. Mai ita yakan gyara agogon da hannu ya bar saitin, kuma daga nan duk gayyatar da ya aika ko ya karɓa za ta goce da awa ɗaya. Gyaran shi ne a zaɓi Legas, ko Yammacin Afirka ta Tsakiya a Windows, a bar na'urar tana karɓar sabuntawa, a kuma rubuta a jikin gayyata cewa da agogon Nijeriya ake nufi. Taron mako-mako da mutanen Kadawa suka fi yawa a cikinsa, ya fi dacewa wani daga cikinsu ya kira shi, don ya ɗauru a agogon da ba ya motsi.