Buji ko fulogi: abin da makanikan jirgin sama ke dubawa kafin su zaɓa

A unguwar Wadata da ke birnin Yamai, mai babur ko ɗan kabu-kabu da injinsa ya ƙi tashi yakan fara zargin buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi. Sau da yawa girman zare da farashi kawai ake dubawa a saya. Amma a filin jirgin sama na Diori Hamani, irin wannan ciniki na iya jawo asarar rayuka, domin babu gefen titi a sararin samaniya.

Shi ya sa injinan ƙananan jirage masu amfani da fetur, irin na kamfanonin Lycoming da Continental na Amurka, ke ɗauke da buji biyu a kowace silinda, kowanne da nasa layin wuta. Idan ɗaya ya mutu, ɗayan zai riƙe injin har a sauka. Injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya silinda huɗu gare shi, amma bujinsa takwas ne.

Babban abin lura shi ne yawan zafin da bujin ke riƙewa. Mai riƙe zafi fiye da kima na iya kunna mai kafin lokaci ya huda fistan. Mai saurin hucewa kuma yana tara datti, musamman da yake man jirgi na 100LL na ɗauke da dalma. Lambobin ma suna ruɗarwa: a NGK, babbar lamba na nufin buji mai sanyi, a Champion kuwa mai zafi.

Saboda haka makanikin jirgi ba ya zaɓe da ido. Yana bin jerin da kamfanin injin ya amince da shi, ya auna tazarar bakin bujin, ya ɗaure shi da ma'auni, sannan ya rubuta aikin a littafin injin. Bujin da ya faɗi ƙasa zubar da shi ake yi, ko da ba a ga tsagewa ba.

Matasa masu sha'awar wannan sana'a suna da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Masu babura da janareto kuwa, duba lambar da ke littafin injin da guje wa jabun buji zai rage musu shan mai da yawan zuwa gareji.