Daga Hannun Jari Zuwa Ginin Kantuna: Gini Ba Ya Ƙaura

Wani ma'aikacin gwamnati mutumin ƙasar Faskari, wanda ya kusa ajiye aiki, ya kawo mini tambaya. Ya ce ya shekara da shekaru yana juya ɗan abin da ya tara a kasuwar hannun jari, yanzu kuwa yana nufin ya sayar da kome, ya gina jerin kantuna da sito na hatsi a Sheme, ya koma mai ba da haya. Hujjarsa ita ce takarda tana narkewa, gini kuwa ana ganinsa da ido. Na ga ya kyautu in amsa masa a wannan fili, domin irinsa suna da yawa cikin ma'aikata da 'yan kasuwa.

Tsoron da yake yi yana da tushe. Tun dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 ma'aikata suka fara sayen hannun jari, sa'an nan aka yi rububin na bankuna a 2004 da 2005. Da kasuwar ta rushe daga 2008 zuwa 2009, sai ta yi hasarar fiye da rabin darajarta, mutane da yawa suka wayi gari da takardun da ba su kai kuɗin da aka saye su ba. Ban da wannan, hannun jarin bankin da ke ma'amala da riba, ko na kamfanin giya, ba halaliyar Musulmi ba ne. Wanda ya fita daga irin wannan ya yi daidai.

Amma fa kada mutum ya zaci ya bar haɗari ya shiga aminci. Hannun jari, ko da hasara, ana iya sayar da shi cikin kwanaki. Gini kuwa ba ya ƙaura. Darajar kanti a Sheme tana rataye ne da hanya da kasuwa, domin garin yana inda hanyar Ƙanƙara ta haɗu da ta Funtuwa zuwa Gusau. A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Bulo bai tsage ba, kwano bai yaye ba, amma masu saye sun ɗauke ƙafa. To, a irin wannan hali wa zai ɗauki nauyin kuɗin haya?

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala ba. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya lissafa abubuwan da ke warware haya, a cikinsu akwai rushewar abin da aka ba da haya, da ƙwace shi, da kuma umurnin hukuma na a rufe kantuna. Dalili kuwa, ɗan haya amfani ya saya, ba bango ba. In amfanin ya gagara, mai gini ba shi da hakkin kuɗin kwanakin da suka rage, in ma ya karɓa tun farkon shekara sai ya mayar. Idan kuwa kanti yana buɗe, ciniki ne kurum ya ja baya, asali haya tana nan, sai dai Alƙur'ani, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, ya hori mai bin bashi da ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wanda zai shiga wannan sana'a ya lissafa irin wannan shekara tun kafin ya aza tubali.

Sai maganar filin kansa. Dokar ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun Gwamna, saboda haka shaidar mai unguwa ita kaɗai ba ta wadatar ba, a nemi takardar hukuma. In filin na gado ne da ba a raba ba, a sani sauran magada suna da hakkin shuf'a, wato su biya mai saye kuɗinsa su karɓe rabon da aka sayar masa. A mazhabar Malik wannan hakki na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba. Haya kuma ba ta inganta sai an san kuɗinta da wa'adinta, kuma ya zama abin da za a yi a wurin halal ne. A rubuta, a kafa shaidu.

Zakka ma tana sake kama. Mai saye da sayarwar hannun jari yakan ƙiyasta dukiyarsa kowace shekara, ya fitar da kashi ɗaya cikin arba'in. Ginin da aka yi don haya kuwa babu zakka a kansa, sai a kan kuɗin hayar, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo musu bayan an karɓa. Amma wanda ya zuba dukiyarsa a gini dab da cikar shekara don kawai ya tsere wa zakka, ya sani Malikawa ba su ɗauke masa ita ba.

Shawarata ga mai tambaya ita ce kada ya zuba dukan guzurinsa a gari guda, a kan hanya guda. Ya gina abin da zai iya jure rashin hayarsa na shekara, ya bar saura a hannun jari na halal ko Sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa wa neman kowa albarka. Allah ne Mafi sani.