Mene Ne Tsayawar Ruwa a Ƙasar Kurfai?

Tsayawar ruwa ita ce ɗaukewar ruwan sama kwanaki a jere bayan damina ta riga ta faɗi. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana ambatonta kowace shekara cikin hasashen damina.

Sanam da Filinge, garuruwan ƙasar Kurfai a jihar Tilaberi, suna cikin Sahel, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Iska mai laima daga tekun Atlantika ke kawo hadari tun daga Yuni, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, ya janye a Satumba. Daga nan sai kaka, sai ɗari da hazonsa, sai zafin bazara. Idan iskar nan mai laima ta yi rauni, hadari kan taso ya watse ba ɗigo.

Manomin hatsi ya fi jin jiki. Ya yi shuka da ruwan farko, jigawa ta bushe cikin kwana goma, tsiro ya naɗe ganye ya ƙone, dole a sake shuka da irin da aka tanada don ci. Makiyaya kuma sukan tarar da tafkuna sun ƙafe, ciyawa ba ta tashi ba.