Kwalta da Farashin Hatsi a Ƙasar Ɗambatta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wani ya tambaye ni a tsangayar hatsi: me ya sa buhun gero ɗaya, gona ɗaya, amma kuɗinsa a bakin titi daban, a cikin lungu daban? To, ga amsa gwargwadon sani.

Ku sani Ɗambatta tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi Kazaure da Daura, ta kai Kwangwalam bakin iyaka, ta wuce Matamaye har Damagaram. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jakuna ya yi fataucinsa, sai ya kwana a hanya kafin ya shiga birni. Yau mota ta ɗauki kaya da hantsi, kafin azahar an sauke a Dawanau. Wannan sauƙi shi ya cika mana kasuwa ranar Lahadi: masu shanu, masu wake da riɗi, dillalai, 'yan dako, masu faci, masu tuwo-tuwo, kowa da abincinsa a jikin kwalta.

Amma ga inda lissafin yake. Mai saye daga birni kuɗin Dawanau yake riƙe da shi a ka. Sai ya cire kuɗin mota, ya cire dako, ya cire la'ada, ya cire abin da ake bari a shingaye, abin da ya saura shi zai taya maka. Wanda gonarsa ke bakin titi, kaɗan ake cire masa. Wanda yake can cikin yashi, inda babbar mota ba ta shiga da damina sai amalanke ko babur, shi ke biyan wahalar hanyar daga cikin guminsa. Kun gani a 2023, da aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, mutanen lungu suka fi kowa jin jiki.

Sannan hanya ba ta san gida ba. Yadda take kawo mai saye, haka take kwashe abinci. Da kaka tirela ta zo ta share gero yana araha, da bazara mu koma muna awo da tsada. Haka kuma in an toshe ta can sama, mu ma sai mun ji. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, dabbobi da waken Damagaram sun ja baya, cinikin kan hanyar nan ya yi sanyi.

A 2021 an aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kuma Ɗambatta na cikin tashoshinsa. Amma jirgi ba zai je ƙofar rumbu ba. Abin da ya kamata mu roƙi hukuma shi ne burji da kwalbatoci daga ƙauyuka zuwa titi.

Shawarata, malam manomi: kafin ka sallama, tambayi farashin Dawanau na ranar da kuɗin mota. Ku haɗu ku biyar ko goma ku ɗauki mota ɗaya. Kuma kada kuɗin kaka su ruɗe ka ka kwance rumbu duka. Ware abincin iyali har sabon gero ya iso.

Allah ya sa albarka a nema, ya kiyaye hanya. Wassalamu.