Baƙon Malami da Ilimin Manɗiƙi: Darasin Zuwan Al-Maghili Ga Masarautar Gumel

A jami'o'in duniya, al'ada ce a gayyato masanin falsafa daga wata ƙasa ya koyar da ɗalibai na 'yan makonni a lokacin dogon hutu. Da yawa daga cikinmu na ɗaukar wannan a matsayin tsarin Turawa, alhali ƙasar Hausa ta san shi tun fiye da shekaru 500.

Wajen shekarar 1492, Shehu Muhammad bin Abdulkarim Al-Maghili, mutumin Tilimsan ta Aljeriya, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Ya karantar a Kano da Katsina, ya rubuta wa Rumfa littafi kan wajiban sarakuna, sannan ya wuce Gao wajen Askiya Muhammadu. Abin da ba kasafai muke ambatawa ba shi ne, Al-Maghili gwani ne a manɗiƙi, wato ilimin auna hujja. Ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin haramcin wannan fanni, shi kuwa yana kare shi. Sun saɓa, amma kowanne ya kiyaye mutuncin ɗan'uwansa.

Fannin ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Abdurrahman Al-Akhdari, marubucin Ahalari da muka koyi tsarki da salla a cikinsa, shi ne kuma mai As-Sullam a kan manɗiƙi. Imam Gazali ya buɗe Al-Mustasfa da shimfiɗa a kan wannan ilimi. A Daular Sakkwato ma, Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame ya yi rubuce-rubuce a falsafa.

Yau matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na tafka muhawarar addini a Facebook da TikTok, inda zagi ke maye gurbin dalili, wani lokaci har a kai ga kafirta juna. Wanda bai koyi bambance hujja da shubuha ba, duk mai ɗaga murya zai iya jan sa.

Saboda haka muna ganin ya dace Kwalejin Ilimi ta Gumel, tare da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su riƙa gayyato masani ɗaya kowace shekara, daga Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, ko Azhar. Sai dai dogon hutu yakan faɗo cikin damina, lokacin da ɗalibai ke gonakin gero da riɗi, don haka darasin yamma ya fi dacewa. A yi shi da Hausa da Larabci, a kuma buɗe ƙofa ga malaman zaure da na Islamiyya, domin su za su ci gaba da karantarwa bayan baƙo ya tafi, kamar yadda almajiran Al-Maghili suka yi a Kano.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.