Sabon Zubi Ko Wanda Hannu Ya Saba? Muhawarar Masu Rubuta Manhaja Ta Iso Ƙasar Daura

Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida yana share hawaye, yana neman gafarar ɗalibai da iyayensu. Sakamakon jarrabawar mutum 379,997 ya gurɓace a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, dole aka sake musu zama. Ba masu kutse ne suka yi ɓarnar ba. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar jarrabawar gyara, gyaran ya hau wasu sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da ita, bai hau wasu yadda ya kamata ba. 'Ya'yanmu na Sandamu da Daura da Zango ba su shiga wannan tasku ba, domin cibiyoyin Arewa ba sa cikin waɗanda abin ya shafa. Amma duk mai rubuta manhaja da ya ji labarin ya san cewa ranar tasa ma tana iya zuwa. Wani zai ce da an bar manhajar yadda take, da ba a kai ga haka ba. Wani ya ce ai rashin kammala sabuntawar ne ya jawo. Wannan gardama ta daɗe a tsakanin masu sana'ar, kuma yanzu ta same mu har gida.

A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a ƙarshen shekarar kuma aka aza tubalin Jami'ar Sufuri. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani. Saboda haka a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, ba abin mamaki ba ne ka tarar da saurayi ko budurwa da ke rubuta manhajar fitar da sakamakon makaranta mai zaman kanta, ko ta lissafin kayan kemis, ko ta ajiyar sunayen 'yan ƙungiyar manoma. Kayan aikinsu su ne harshen da suke rubutu da shi, kamar Python ko PHP ko Java. Da dandalin rubutun, kamar VS Code ko Android Studio. Da rumbun bayanai irin MySQL. Sai kuma guntayen manhaja na kyauta da ake arowa daga intanet a harhaɗa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana fitar da sabon zubi lokaci zuwa lokaci, kuma kowane yana turo saƙo cewa a sabunta.

Masu ƙin sabuntawa suna da hujja, kuma a ƙasarmu hujjar ta fi nauyi fiye da yadda take a Amurka. Yawancin kwamfutocin da ke hannun matasanmu na hannu ne, irin waɗanda ake saye a titin Beirut na Kano, sun riga sun sha aiki a Turai kafin su iso. Da yawa ƙwaƙwalwar aikinsu gigabait 4 ce, alhali Android Studio na yanzu yana neman aƙalla 8, kuma ko da takwas ɗin sai ya riƙa jan ƙafa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi kuwa Windows 11 ba ya yarda ya hau mafi yawan kwamfutocin da suka girmi ƙarni na takwas na Intel. Ga kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sauke Android Studio kaɗai ya haura gigabait guda, ban da 'yan rakiyarsa. Ga wutar KEDCO, wadda ba ta yi wa kowa alkawarin za ta jira a gama saukewa ba. Mutumin da ke zaune inda intanet ba ya yankewa, in ya ce "a sabunta kullum", bai san a kan me yake magana ba idan aka kawo shi Sandamu.

Ban da tsada, sabo ma yana zuwa da nasa haɗarin. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan ƙaramin gyara ga abokan cinikinsa, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka sume a faɗin duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Watanni kaɗan kafin nan, a Maris, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga sabarsa na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata 'yar manhaja da ke cikin kusan kowane Linux. Ƙofar tana cikin zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ne, mafi sabunta a lokacin. Waɗanda suka tsaya kan tsohon zubi tabbatacce ba ta iske su ba. Mai cewa da tsohuwar zuma ake magani, a ranar ya yi gaskiya.

Sai dai a ganina an ɗora muhawarar a kan tambayar da ba ita ba ce. Shekarun kayan aiki ba su ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko masu shi suna nan suna toshe ɓarakarsa, da kuma ranar da suka ce za su daina. Wannan rana a rubuce take, ba a ɓoye ta. Python na fitar da sabon zubi duk Oktoba, yana kula da kowanne shekara biyar. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, shi ma kulawar shekara biyar. Kafin ranar ta zo, tsohon zubi abin dogaro ne, sau da yawa ma ya fi sabo natsuwa. Bayan ta wuce, duk ɓarakar da aka gano za a shelanta ta ga duniya, a toshe ta a sabon zubi, a bar tsohon a buɗe. Sanarwar gyaran da kanta ita ke nuna wa mai kutse inda zai bi.

Haka ta faru da Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan masu cin bashi. A Maris 2017 aka fitar da facin wata ɓaraka a Apache Struts, ɗaya daga cikin kayan da suka aro. Ba su liƙa shi ba. Daga watan Mayu masu kutse suka shiga, suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Wani zai ce ina ruwan ɓarayin duniya da manhajar wata makaranta a Sandamu. Ai ba mutum ne ke zaɓar wanda za a afka wa ba; manhajoji ne ke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet, wadda ta buɗe su shiga. Kuma tun Yunin 2023, da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wanda ya tara sunayen yara da lambobin iyayensu ya ɗauki amanar da doka za ta tambaye shi a kanta.

PHP ne ya fi damuna, domin da shi aka gina shafukan makarantu da ofisoshi masu yawa a ƙasar nan. Tsohuwar hanyar haɗa shi da rumbun bayanai, wadda ke farawa da mysql_connect, an yi gargaɗi a kanta tun 2013, an cire ta gaba ɗaya a PHP 7 a Disambar 2015, an kuma daina kula da PHP 5.6 a ƙarshen 2018. Duk da haka har yau tana yawo a tsofaffin takardun darasi da ayyukan kammala karatu da ɗalibai ke gada daga na gaba da su. Yaro ya kwafa, ya ga ta ƙi aiki a sabon zubin PHP, sai wani ya ba shi shawara ya nemi tsohon a filashi. Ta yi aiki, an ba shi maki, ya fita da ilimin da ya mutu tun yana firamare.

Akwai kuma ribar da ta shafe mu mu kaɗai. MySQL 5.7 da waɗanda suka gabace shi, idan ba a canza musu saiti ba, suna ajiye rubutu ne da tsarin haruffan Yammacin Turai, wanda babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa. Shi ya sa za ka ga Ɗanladi ya fito a takardar sakamako da alamar tambaya a farkon sunansa, ko kuma magatakarda ya haƙura ya rubuta shi ba lanƙwasa. Daga MySQL 8.0 na 2018 tsarin da ke ɗaukar haruffan duk duniya ya zama shi ne na asali. Python 3 ma ya sauƙaƙa wannan ƙwarai a kan Python 2.

Labarin Python ɗin kansa ya isa darasi kan jinkiri. An fitar da zubi na 3 a Disambar 2008, mutane suka noƙe saboda tsofaffin rubuce-rubucensu ba sa tafiya a kansa. Aka sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu, 2020. Waɗanda suka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan ba su ji jiki ba. Waɗanda suka jira ranar ƙarshe sun tarar kayan aron da suka dogara da su sun riga sun yi gaba sun bar su. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lissafin: yaɓen da ake yi kowace shekara kafin damina aikin yini ne, amma katangar da aka bari damina biyar sai dai a sake gini.

Wani lokaci ma ba a ba ka zaɓi. Google Play na sa wa'adi duk 31 ga Agusta. A wa'adin 2025, an daina karɓar sabuwar manhaja ko gyaran tsohuwa sai an daidaita su da Android 15, kuma hakan ba ya yiwuwa da kayan aikin da aka sauke shekara biyar baya.

Abin da nake gani ya dace da yanayinmu ba shi da wuya. Facin tsaro, wanda yawanci ƙarami ne kuma ba ya canza yadda manhaja ke tafiya, a liƙa shi da zarar ya fito. Babban zubi kuwa a bar shi ya sha iska wata uku ko shida, masu kuɗin data su fara cin karo da matsalolinsa, sannan a zaɓi mai dogon wa'adi. Kada a sabunta ana saura kwana biyu fitar da sakamako ko biyan albashi. A rubuta lambar zubin kowane kayan aro, a adana aikin a Git don a iya komawa baya, a gwada a kan kwafi kafin a taɓa na gaske, kuma in sabobi biyu ne a tabbatar gyaran ya hau duka biyun. Mai tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, Linux Mint ko Ubuntu za su ɗauke ta kyauta. In abokan aiki biyar ne a wuri guda, mutum ɗaya ya sauke, saura su kwafa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai biya. A wurinmu ana sayen manhaja kamar yadda ake sayen teburi: a biya sau ɗaya, a miƙa, a yi sallama. Mai makaranta ba ya ganin dalilin sake fitar da kuɗi kan abin da yake aiki lafiya, shi kuma matashin da ya rubuta ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, lambarsa ma ta canza. Ba ƙyuya ce ke hana sabuntawa ba. Babu wanda aka ɗora wa alhakin ne. Don haka tun ranar ciniki ya kamata kuɗin kulawa na shekara-shekara ya shiga takardar yarjejeniya, tare da sunan kowane kayan aiki da ranar da masu shi za su daina kula da shi. Ƙaramar hukuma ko makarantar da ke shirin ba da irin wannan kwangila tana iya fara tambayar ɗan kwangilar da wane zubi zai yi aikin. In ya ce PHP 8.1, wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2025. Na 8.2 ƙarshen 2026 ne, na Python 3.10 kuma Oktoban 2026.