Me ya sa fitilar mota take mutuwa?

Hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa Damargu, ta bi ta Tanut. Saboda zafin rana, direbobi sukan yi tafiyar dare. Raƙuma da shanu kuwa suna tsallaka hanya. Mota marar fitila tana iya kaɗe dabba ko mutum.

Fitilar ƙaramar mota tana samun wuta daga batir. Wutar tana bin waya ta je ƙwan fitila, ta komo ta ƙarfen jikin mota. Ruwan batir yana da kaifi. Tururinsa yana cin kawunan batir, sai wani farin gari ya taru a kansu. Da damina kuma, ruwa yana shiga mahaɗin wayoyi, tsatsa ta kama. Garin nan da tsatsa suna tare wuta. Fitila ta dusashe, daga baya ta mutu, alhali ƙwan lafiya lau yake.

Makaniki yakan kashe mota, ya kwance kawunan batir, ya wanke su da ruwan kanwa. Sai ya kankare tsatsa, ya ɗaure, ya shafa giris. Yara ba sa taɓa batir, domin ruwansa yana ƙona fata.